Kakanninmu Sun Ratsa Afirka a Ƙafa, Mu Ko Ɗa'ifa Ba Mu Sani Ba

Wani dare bayan isha muna zaune wurin mai tsire a Sharamansur da ke Makka, sai wani saurayi ya fara zagaya wayarsa yana nuna hoto: tsauni kore shar, hazo ya rufe rabinsa, ga gidajen dutse an jera a gefen gangare. Ya ce a ƙasar nan ya ɗauka. Nan da nan majalisa ta kaure da musu. Wani ya ce Turkiyya ce, wani ya rantse irin hotunan nan ne da ake haɗawa da kwamfuta. Wani dattijo da aka haifa a Makka, ya yi aure a Makka, ya aurar da 'ya'yansa a Makka, ya ce, "Kai yaro, mu za ka gaya wa ƙasar nan? Yaushe aka taɓa ganin ciyawa haka a Saudiyya?" Yaron ya ce, "Wallahi Baba, Abha ce."

Dattijon bai yarda ba har aka tashi. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Mafi yawanmu, mazauna da masu zuwa Umra, abin da muka sani a ƙasar nan bai wuce Makka da Madina da Jidda ba, sai titin da ya haɗa su. Alhali ƙasar ta kai murabba'in kilomita sama da miliyan 2, wato ta ninka Najeriya sau biyu har da ɗoriya.

Ra'ayina shi ne, duk Bahaushen da ke da lafiya da cikakkun takardu da ɗan abin hannu, ko mazauni ne ko baƙon Umra, ya kamata ya fita ya ga ƙasar nan. Kuma zaman da muke yi wuri guda, yawancinsa ba tsoron Allah ba ne ya kawo shi, ba kuma talauci kaɗai ba. Sabo ne kawai, muka lulluɓe shi da uzurori.

Abin ya fi ba ni mamaki idan na tuna su wane ne suka haife mu. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, dubban mutane suka ci gaba da nausawa gabas. Wasu suka tsaya a Sudan suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, wasu suka yi shekaru suna noma suna tara guzuri har suka kai Suwakin, suka shiga jirgin ruwa suka tsallaka Bahar Maliya. Kafin su ma, mahajjatan ƙasar Hausa sun daɗe suna bin wannan hanya. Jikokinsu ne yau ake kira Hausawi da Fallata da Barnawi a Hijaz. Mutanen da suka ratsa Borno da Wadai da Darfur a kan jaki da ƙafa, su ne jikokinsu ke ganin hawa dutsen Ɗa'ifa a mota mai sanyi wata babbar wahala ce.

"Mu ibada ta kawo mu"

Wannan shi ne uzurin farko, kuma ana faɗinsa da wata murya da ke nuna an gama magana. Wasu har sukan kawo hadisin da ya ce ba a ɗaure kaya a yi tafiya sai zuwa masallatai uku: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus.

Hadisin ingantacce ne. Amma maganarsa a kan tafiyar neman lada ce zuwa wani wuri da ake ganin ibada a cikinsa ta fi ta sauran wurare. Da ya hana kowace tafiya, da babu fatauci, babu tafiyar neman ilimi, babu ziyarar dangi. Wanda ya je kallon tsaunukan Asir, yankin da Abha take, bai ce sallarsa a can ta fi ta ko'ina ba. Alƙur'anin da muke karantawa kullum shi ne ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fari halitta, shi ne kuma a Suratul Gashiya ya tambaye mu ko ba ma duban raƙumi yadda aka halicce shi, da duwatsu yadda aka kafa su.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Alhajin da ya zo Umra na mako biyu, kwana nawa yake yi a kasuwa? Kasuwar Kakiyya ta san shi, shagunan ƙarƙashin dogon agogo sun san shi, masu sa haƙorin Makka sun san shi. Zai yini yana cinikin jallabiya da abaya da agogo da turare, kayan da yawancinsu daga Sin aka kawo su, kuma ba wanda zai ce masa ya bar ibada. Amma ka ce a ware yini ɗaya a je Badar, sai a tuna maka falalar salla a Harami. Ni ban ce a bar tsaraba ba, ni ma ina saye. Na ce dai in akwai lokacin kasuwa, to akwai lokacin Badar.

Kuma wurare da yawa da nake magana a kansu, su ne wuraren da muke ji a karatun sira tun muna yara. Badar tana nan kusan kilomita 150 daga Madina, da maƙabartar shahidanta. Haibara tana arewa, da ganuwoyinta a kan baƙaƙen duwatsu da dabinai a ƙarƙashinsu. A Ahsa akwai masallacin Juwasa na Banu Abdul Ƙais, inda Bukhari ya ruwaito cewa nan aka fara yin Juma'a bayan ta masallacin Annabi (SAW). A Najran akwai kufan Ukhdud, wanda malaman tafsiri da dama suka danganta shi da mutanen ramin wuta na Suratul Buruj, surar da kowane ɗan makarantar allo ya haddace. Yaro ya rubuta ta a allo ya wanke, ya girma a ƙasar da wurin yake, ya mutu bai san yana iya zuwa a mota ba.

Kwanakin aikin Hajji kam daban ne. Wanda ya zo da bizar Hajji dokarsa ta tsaya a Makka da Madina da Jidda da wuraren aikin Hajji, kuma ko ba doka, ƙarfinsa na Mina da Arfa ne. Ba da shi nake ba.

Maganar Mada'in Salihu

Nan ne gardamar ke da nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba.

Idan ka ga tallar yawon buɗe ido ta Saudiyya, hoton da aka fi sawa shi ne na Hijir, wato Mada'in Salihu, kusa da garin Ula, sama da kilomita 300 arewa da Madina. Shi ne wuri na farko a ƙasar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 2008. Akwai manyan kaburbura 111 da aka sassaƙa a jikin duwatsu, mafi shahara shi ne Ƙasrul Farid, dutse guda tsaye shi kaɗai a fili, an fara sassaƙa fuskarsa daga sama ba a ƙarasa ƙasan ba. Masana tarihi, bisa rubutun da ke jikin ƙofofin, sun ce Nabaɗawa ne suka yi waɗannan kaburburan wajen shekara 2,000 da suka wuce, mutanen da suka gina Batra ta Jodan.

To amma wurin shi ne dai wurin Samudawa, mutanen Annabi Salihu da aka halaka. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya bi ta nan, ya ce kada a shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai ana kuka, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya rufe kansa ya yi sauri har ya wuce kwarin. Ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗiba a rijiyoyinsu, ƙullin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan.

Saboda haka wanda ya ce shi ba zai taka wurin ba, ban da ta cewa, ina ma girmama shi. Wanda ya je kuma, ya je da zuciyar mai ɗaukar izina, ba da tabarmar cin shinkafa ba. Ni kaina ba na jin daɗin yadda aka mai da yankin wurin kaɗe-kaɗe da manyan bukukuwa, ko da kuwa gine-ginen da ake yinsu suna can gefe. Wannan ra'ayina ne, kuma na san akwai 'yan ƙasa da yawa da ke kan irinsa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki hukuncin kwari ɗaya a shimfiɗa wa ƙasa gaba ɗaya. Cire Hijir daga lissafi kwata-kwata. Me hadisin ya ce game da Abha? Me ya ce game da tsibiran Farasan? Wane malami ya hana kallon dabinan Ahsa? Mun sami hujja guda mai ƙarfi, sai muka rataya mata duk kasalarmu.

"Dutse ai dutse ne, yashi kuma yashi"

Mai faɗin haka hanyar Makka zuwa Madina kaɗai ya sani, ita ma yawanci da dare ya bi ta yana barci.

A fara da na kusa. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa bai kai kilomita 100 ba. Idan ka bi hanyar Hada, mota za ta yi ta murɗawa tana hawa har kunnenka ya toshe, birai na zaune a kan katangar gefen titi suna jiran wanda zai jefa musu ayaba. In ka buɗe gilashi da leda a hannu, sun fi ka sauri. Kana kai sama iska ta canja. Garin yana kan tudu wajen mita 1,800, shi ya sa mutanen Makka suka daɗe suna gudun zafi zuwa can. Akwai rumman da inabi, akwai gonakin wardi da ake tsinka da sassafe wajen watan Maris da Afrilu, a zuba a manyan tukwanen tagulla a turara a tace ruwansa. Da wannan ruwan wardi ake haɗa zamzam a wanke cikin Ka'aba. A nan ne kuma aka jefi Annabi (SAW) har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a wata gona, wani bawa Kirista mai suna Addas ya kawo masa inabi. Akwai ƙaramin masallaci da ake kira da sunansa. Na ga wani tsoho daga Katsina ya tsaya a bakin wurin ya kasa magana, sai hawaye. Ya ce da ɗansa, "Ashe nan ne." Ya sha jin labarin a wa'azi, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa daga Makka hawa ake yi ba, kuma hawa irin wannan.

Idan ka nausa kudu daga Ɗa'ifa kana kan tsaunukan Sarawat ke nan, jerin da ya miƙe har Yaman. Za ka iske Baha, da dajin Ragadan, da ƙauyen Zi Ain wanda aka gina da dutse a kan wani farin tudu, ruwa na ɓuɓɓugowa a gindinsa yana shayar da ayaba. Gaba kuma Abha, sama da mita 2,200, da dutsen Sauda wanda ya kai wajen mita 3,000, yana cikin mafi tsawo a ƙasar. A watan Yuli, lokacin da takalmi ke neman narkewa a kan kwalta a Jidda, can mutum na neman bargo da dare, kuma ana ruwan sama. A Rijal Alma gidajen dutse hawa-hawa ne, a cikinsu kuwa mata ke zana bango da launuka masu haske, zanen da ake kira ƙaɗɗ, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017. Maza a wasu ƙauyukan yankin kan ɗaura rawanin furanni da ganye mai ƙamshi a ka, ga wuƙa a ƙugu, kuma ba wanda ya isa ya yi musu dariya.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne gangarowa daga tsaunin zuwa Tihama da Jizan. Kwatsam sai ka ga gonar dawa, ka ga gero, ka ga riɗi, ka ga mangwaro. A wasu wuraren har yanzu akwai ragowar bukkokinsu na dā masu zagaye da jinka. Bahaushe ya tsaya a nan sai ya rantse bayan garinsu yake a ƙarshen damina. A tsaunukan Faifa kuma gonaki ne hawa-hawa kamar matakala, inda ake noman gahawar Khaulani. Daga tashar Jizan jirgin fito na ɗaukar mutane da motoci zuwa tsibiran Farasan, masu farin yashi da barewa da ruwa garai-garai.

Gabas wata duniya ce. Dausayin Ahsa yana da bishiyar dabino sama da miliyan 2.5, shi ne mafi girma a duniya, kuma daga can dabinon khalas ya yi suna. Har shinkafa suke nomawa, wata ja mai tsada. A tsakiyar dabinan akwai dutsen Ƙara mai koguna, waɗanda cikinsu ke da sanyi ko da rana ta take.

A tsakiyar ƙasa, gefen Riyad, akwai Dir'iyya, inda daular Saudiyya ta farko ta kafu a 1727, sojojin Ibrahim Fasha suka rushe ta a 1818. Unguwar Ɗuraif duk ginin ƙasa ce, fadoji da masallatai da ganuwa, an gyara ta an sa mata fitilu, mutane na zuwa daga ko'ina su gani. Duk lokacin da na tuna da ita sai ganuwar Kano ta faɗo mini a rai, yadda ake kwasar ƙasarta ana yanka filaye. Su sun gane cewa ginin ƙasa dukiya ne. Amma wannan maganar wata rana ce.

Arewa maso yamma da Riyad, wajen kilomita 100, gaɓar dutsen Ɗuwaiƙ ta yanke tsaf, ka tsaya a bakinta ƙasa ta yi can ƙasa ta miƙe har inda ido ya gaza. Masu yawo suna kiran wurin ƙarshen duniya. In ka duba ƙasa da kyau za ka tsinci burbushin halittun teku a jikin dutse, a tsakiyar hamada, shaida ce cewa ruwa ya taɓa rufe wurin. A Ha'il akwai zanen mutane da dabbobi a jikin duwatsun Jubba mai shekaru dubbai. A Tabuka, dutsen Lauz kan yi fari fat da dusar ƙanƙara a wasu shekarun da hunturu. Kudu maso gabas kuma Rub'ul Khali ce, yashi zalla wajen murabba'in kilomita 650,000, inda a gefenta, a Uruƙ Bani Ma'arid, aka maido da mariri bayan ya ƙare a dawa.

Akwai kuma ramin Wahba, wajen kilomita 250 daga Ɗa'ifa: faɗinsa kusan kilomita 2, zurfinsa kusan mita 250, ƙasansa fari kamar an shimfiɗa kanwa. Aman wutar ƙasa ne ya haɗu da ruwan ƙarƙashi ya fashe ya bar shi haka. Kalle shi daga baki ya isa. Sauka da sauƙi take, hawowa cikin rana ita ce ke kai mutum ga halaka.

Ko Jiddar da muke ganin mun sani, nawa ne cikinmu suka taɓa shiga Balad, wato tsohon garin, don kallo ba don ciniki ba? Tun zamanin Halifa Usman aka mai da garin tashar jiragen Makka. Gidajen an gina su da dutsen murjani na teku, da tagogin katako masu ɓula da ake kira rawashin. A ƙofar gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, akwai wata tsohuwar darbejiya da ake cewa a wani zamani ita kaɗai ce bishiya a garin. Ta waɗannan lunguna kakanninmu suka bi bayan sun sauka daga jirgin Suwakin, suka fita ta Bab Makka. Mu kuwa muna wucewa da ledar atamfa ba ma ɗaga kai.

"Da wane kuɗin?"

Wannan uzuri rabinsa gaskiya ne. Mai sharar gida ko mai wankin mota da ke aika rabin albashinsa Kano ko Damagaram ba zai kama ɗaki a manyan masaukan Ula ko na bakin Bahar Maliya ba. Waɗannan ba don mu aka gina su ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na 2030 a 2016, aka kuma buɗe bizar yawon buɗe ido a Satumbar 2019, idon hukuma ya fi karkata ga baƙi masu nauyin aljihu.

Amma tsauni ba ya karɓar kuɗin shiga. Dubi yadda 'yan Pakistan da Indiya da Masar ke yi, waɗanda da yawansu albashinmu ɗaya da su. Ranar Alhamis da dare za su cika mota, a haɗa kuɗin mai, a ɗauki tukunya da ƙaramin gas da darduma, su kwana a ɗaki guda na haya ko a tanti, ranar Asabar su dawo bakin aiki. Ka je Sauda ko Hada ranar Juma'a ka ƙirga su, sannan ka nemi Bahaushe. Mu kuwa kuɗin da muke zubawa a ankon biki ɗaya da kama istiraha (gidan biki na haya) da liƙi ya isa ya kai iyali Baha su dawo har da canji.

Hanyoyin ma sun yi sauƙi. Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana haɗa Makka da Madina, kilomita 450, cikin awa biyu da 'yan mintuna. Akwai jirgin Riyad zuwa Hufuf da Dammam, akwai na arewa da ke bi ta Ƙasim da Ha'il. Motocin safa na zuwa kusan kowane babban gari.

Takardu

A nan kam dole na sassauta murya. Akwai 'yan'uwanmu da yawa da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, wasu ma a nan aka haife su, aka haifi iyayensu, amma ba su da takardar ko wace ƙasa. Irin wannan mutum ko Jidda zai je sai gabansa ya yi ta faɗuwa a shingen bincike, don ya san daga nan sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Rusau ɗin da aka yi a unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina da Gulail daga ƙarshen 2021 ya ƙara tarwatsa da yawansu. Ce wa irin wannan ya tafi kallon Abha rashin tausayi ne, kuma ba na ba kowa shawarar ya jefa kansa cikin hatsari don ganin dutse.

Sai dai tsoron nan ya zama gado har ga waɗanda bai shafa ba. Na san gidajen da kowa ke da iƙama mai rai, wasu ma 'yan ƙasa ne da katinsu, amma an tashe su a kan cewa fita daga unguwa neman fitina ne. Uba ya ji tsoron askar, wato jami'an tsaro, da dalili, ɗa ya gaji tsoron ba tare da dalilin ba.

Su kuma masu Umra, da yawa ba su san cewa tun 2019 aka ɗage dokar da ta tsare su a Makka da Madina da Jidda ba. Mai bizar Umra na iya zuwa sauran garuruwa cikin wa'adin bizarsa. Ƙa'idojin sukan canja, musamman idan Hajji ya matso, don haka a tambaya kafin a kama hanya. Amma ejan ba zai gaya maka ba in ba ka tambaya ba, domin ya fi masa sauƙi ya ajiye ka a masauki ya san inda kake.

Mata da yara

Wani abokina ya ce mini, "Malam, kai kana maganar maza ne. Ni da iyali ina zan kai su?" Na ce ai su suka fi mu buƙata. Namiji ko ba komai yana fita aiki, yana zama majalisa. Matar da aka kawo daga Zariya aka ajiye a ɗaki biyu a unguwar Hindawiyya, shekara da shekaru ba ta san komai ba sai Harami da asibiti da gidan biki. Yaran kuma a makaranta ana koya musu sunayen yankunan ƙasar, 'yan ajinsu na ba da labarin hutun da suka yi a Abha, su sai dai su yi shiru. Yaron da ya tashi bai san ƙasar da yake ciki ba, bai kuma san wadda iyayensa suka baro ba, a ina zai tsaya?

Wuraren nan kuwa cike suke da iyalai. Larabawa da matansu cikin niƙabi da tsofaffinsu a keken guragu, an shimfiɗa darduma ana shan gahawa. Akwai masallaci da banɗaki kusan a kowane wurin hutawa. Abin kiyayewa shi ne na hankali: kada a yada zango a cikin kwari in hadari ya haɗu, don ambaliyar tsauni ba ta sallama, kada kuma a shiga hamada da mota ɗaya ko da ƙaramar mota.

Ga masu kamfanonin Umra

A 2023 kujerun Hajji 95,000 aka ba Najeriya, ban da Nijar da Ghana da Kamaru, masu Umra kuma ba sa yankewa duk shekara. Amma ziyarar da ake kai su ba ta canja ba tun zamanin iyayenmu: Ƙuba, Uhudu, Ƙiblataini, a tsaya a shagon dabino inda direba ke da kaso, a dawo. A Makka a nuna musu Jabalun Nur da Saur ta gilashin mota. Mai bayanin ma sau da yawa ba ya jin Hausa, ko kuma yana jin Hausa bai san tarihin ba.

Ga kuma samarinmu na Makka da Madina, Larabci a bakinsu kamar ruwa, Hausa kuma ta gida, da yawansu na zaune ba aiki. Waɗanda ke da takardar zama ɗan ƙasa a cikinsu za su iya neman lasisin jagoran baƙi, su karanci sira da tarihin wuraren nan, su riƙe wannan sana'a. In ba su yi ba wani zai yi, ya ɗauke su tafinta a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ban ce a kai tsohuwa mai ciwon gwiwa Rub'ul Khali ba. A fara da yini ɗaya cikin kwanakin Madina a kai mutane Badar, da yini ɗaya cikin kwanakin Makka a kai su Ɗa'ifa. A tashi bayan asuba, a hau Hada kafin rana ta yi zafi, a ga masallacin Ibn Abbas da gonar Addas da masu tace wardi, a ci abinci a sama, da la'asar a biyo ta miƙatin Ƙarnul Manazil wanda yake so ya ɗaura harami, a yi isha a gaban Ka'aba. Motar da ake haya ta kai su Kakiyya ita ce dai za ta yi wannan aikin, bambancin kuɗin mai ne da ladan mai bayani.